Baka Uku a Agege

Baka uku Malam Cindo ya rataye
a bayan rumfarsa, gefen layin dogo,
inda yake ɗinkin takalma da rana
ya sassaƙa itace in kasuwa ta watse.
Na nuna babban, baƙi, na dargaza.
Na ja shi har kunne, na sassauta, na sake ja,
don yaran da ke wasan dara su gani.

Bai ce komai ba.
Jarka ya ɗauko, ya rataya a tsarkiya.
Babban ya sha ruwa har wuya kafin ya rusuna,
na tsakiya ya lanƙwasa tun da saura,
ƙaramin kuwa, rabi da ɗan ƙari.

Ya ce, yaushe za ka daji?
Na ce Asabar, Epe, kafin kiran assalatu.
Ya ce, a wannan marka?
Sai ya aiki yaro wurin Iya Risika mai kifi,
aka kawo bokitin ƙanƙara yana ƙarni.
Sa hannu. Har gwiwa. Ƙirga ɗari.

Ya ɗora mini rigar sanyinsa ta gwanjo,
ya ɗora ta leda a kai,
ya ce tsuguna, ba a tsaye ake jiran nama ba.
To, ja yanzu.

Na ja.
Yatsuna uku sun zama na wani.
Kafaɗa ta yi ƙara kamar tsohon ƙyaure,
tsarkiya ta tsaya a haɓa ta ƙi wucewa,
bakin kibiya yana zana da'ira a iska.
Yaran dara sun gani. Wannan ma sun gani.

Ya ce, sanyin garin nan ba ya fasa leɓe,
jiƙa mutum yake,
ya shiga ƙashi ya zauna
kamar baƙon da ba shi da kuɗin mota.
Wanda ya ja baka da azahar, cikinsa da tuwo,
ba shi ne zai ja da asuba ba.
Sai wa na asuba.

Na biya kuɗin ƙaramin ina jin kunya.
Ya haɗa mini da ɗan kakin zuma,
wai in shafe tsarkiya kada ta sha ruwa ta saki.

Asabar, bakin gonar rogon Baba Akanmu,
yayyafi tun ƙarfe uku.
Hazo na tashi daga lagun,
can nesa injin kwalekwale yana tari.
Sauro ya ci, ya ƙoshi, ya kira dangi.
Na zauna har ƙafata ta manta da ni.

Sai ciyawa ta motsa.
Gyazbi, ƙato, yana ɓare kara da haƙora.
Na ja a hankali, ba numfashi, ba ƙara,
tsarkiya ta zo kunne kamar mai raɗa.
Ya shige bayan kututture.
Na riƙe.
Goma. Ashirin. Ruwa na bin ƙeyata.
Talatin da bakwai, ya leƙo.

A motar dawowa kwandasta ya taɓa buhun,
ya ce wannan ma sai ya biya kujera.
Na biya.

Cinya ɗaya na kai wa Malam Cindo.
Ya juya ta, ya duba inda kibiya ta bi,
ya ce ka ɗan yi ƙasa.
Babban bakan yana nan a rataye,
wani saurayi mai faɗin ƙirji yana shafa shi,
yana tambayar nawa.
Na ga tsohon ya waiwaya
yana neman yaron da zai aika wurin mai kifi.